Buhunan da Na Wanke a Tafkin Giginya

Zuwa ga Yayan Sa'a,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Lokacin da za ka buɗe wannan takarda ka riga ka sauka Wara. Ina fata mota ba ta ba ku wahala ba, kuma ɗakin da aka ba ka ba ya yoyo. Allah ya tsare ka a kan tudu, ya tsare ka a kan ruwa, ya haɗa ka da waɗanda za su riƙe ka da gaskiya. Babanka yana sa maka albarka. Sa'a da ƙannenta suna gaishe ka.

Za ka yi mamakin ganin takarda a ƙarƙashin ƙullin yaji. Ka san ni da kai ba mu saba zama mu yi doguwar magana ba. Kai ne na fari, ko sunanka ban taɓa kira ba, kuma ba yau zan fara ba. Na san idan ka saɓa jaka, abin da zai iya fita daga bakina bai wuce "a sauka lafiya" ba. Shi ya sa na ari biron Sa'a. Tun ina makaranta rubutu ya fi mini sauƙi a kan magana.

Gara in faɗa maka tun farko, hankalina bai kwanta da aikin nan ba. Ranar da Manajan masaukin baƙin nan na Wara ya zo ɗaukar ka aiki, ina bayan zana ina jin ku. Ya ce aikinka shi ne kula da ciyawar ado, tun daga ƙofar ɗakunan baƙi har gangaren da ya sauka bakin ruwa, kuma maigidansa yana son ta kore shar rani da damina, kamar filin ƙwallon da ake gani a talabijin. Babanka ya yi dariya ya ce, "To, Manaja, ciyawar da ko akuya ba a bari ta ci, mi ne amfaninta? Mu nan kiri-kiri muke cirewa a gona har bayanmu shi ƙage, ku ko biya za ku yi a raya ta." Kowa ya yi dariya. Ni ban yi ba, domin na ji abin da Manaja ya faɗa bayan haka. Ya ce, "Taki ba matsala ba ne, Baba. Sito cike yake. Ya zuba iya son ransa."

Mutumin da ya ce maka ka zuba iya son ranka, ka dube shi sau biyu. An taɓa faɗa mini haka.

Kana da shekara biyar lokacin. Ina da 'yar gayaunata ta albasa a bayan tungarmu ta masunta, dab da Tafkin Giginya. Ba za ka tuna yadda tafkin yake a da ba. Idan ruwan gulbi ya ja baya da bazara, sai ya bar tafkin shi kaɗai, cike da gargaza da tarwaɗa da kurungu. Sarkin Ruwa yakan rufe shi, ba mai jefa ko ƙugiya, sai ranar da aka sa, duk tunga ta shiga su, wato kamun kifi, tare. Kifin ranar nan shi ke riƙe gidaje har ruwan sama ya zauna. A wurin kuma mata ke ɗibar ruwan aiki.

A shekarar na je kasuwar Yelwa sayen takin zamani, farin nan mai kama da gishiri. Mai takin mutum ne mai daɗin baki. Na tambaye shi nawa zan zuba a kowane fangali. Ya ce, "Hajiya, ki ƙara hannu kawai. Albasa ba ta cewa ta ƙoshi." Na ce masa ni ba Hajiya ba ce. Ya ce, "Ai da albasar bana za ki zama." Na rufe fuska da mayafi, na dawo gida na yi yadda ya ce. Ina zubawa ina ban ruwa, ruwan yana cika fangali yana bin 'yar hanyar da ni da kaina na haƙa masa, yana gangarawa tafki. Albasar ta yi ganye har gwiwa, amma kanta bai kai ƙwan zabo ba, rabi kuma ya ruɓe a rumbu.

Don haka kada ka tambayi mai sayar da abu yawan da za ka yi amfani da shi. Kada kuma ka tambayi mai sito da yake so a ce kaya sun ƙare a kawo wasu. Ka nemi malamin gona ya duba ƙasar wurin, ya faɗa maka abin da ta rasa. Ka samu gwangwani guda ka mai da shi ma'auninka, ka zuba kaɗan, ka jira ka gani. Abin da saiwa ba ta sha ba, ba ya zama a wurin yana jiran ta, tafiya yake yi, kuma kai a kan gangare kake. Idan ka ga ciyawa ta yi ɗorawa-ɗorawa, kada ka ruga sito. Ka tona da yatsa tukuna. Sau da yawa ƙishi ne, ko gara, ko an aske ta ƙasa da yawa. In ka yanke ta da inji, ka bar ɓarɓashin a kanta ya ruɓe, abincinta ne. Manaja zai ce ƙazanta ce. Ka ce masa kwana biyu ne ta shige.

Ranar da ka fara aiki, kafin ka taɓa buhu ko ɗaya, ka cika bokiti da ruwa ka juye a saman gangaren, ka bi shi da ƙafa ka ga inda zai tsaya. Ka yi haka a bakin kowace magudana. Masu gini ba sa gaya wa kowa inda suka kai bakin bututu. In sun ce maka rami yake zuwa, ka ce a nuna maka ramin.

Kuskurena na biyu ya fi na farko, kuma son abin banza ne ya ja mini. Ka san ina ɗinka shimfiɗar shanya da buhunan taki, irin wadda ake baza shinkafa da ƙananan kifin warangi a kai. A shekarar na bi gida-gida na tara buhunan duk masu albasar tunga, sun yi tsibi a bayan ɗaki. Da yawa a cikinsu akwai sauran taki a gindi, wanda raɓa ta taɓa ya dunƙule kamar dutse. Har da wasu rabi-rabi da ruwa ya ɓata, masu su suka ce in ɗauka in ƙaru da buhun. Hannu ba ya ɓamɓare shi. Sai na yi dabara, a ganina. Na kai su tafki, ta gefen da duhuwar geza take, inda ba mai ganina, na danne su da duwatsu na bar su su jiƙa. Kwana uku ina kai wasu ina kwaso wasu. Buhuna suka fito fes. Na ji daɗin kaina ƙwarai.

Na san an hana wanki da sabulu a tafkin idan an rufe shi. Na ce a raina ai wannan ba sabulu ba ne, abincin shuka ne, abin da ke raya albasa ba zai cuci kifi ba. Amma da na yarda da hakan har zuciyata, da ban zaɓi bayan geza ba.

Kai ma za a ba ka bokiti da famfon feshi da buhuna. Idan ka gama aiki jikinka ya mutu, ruwa yana gabanka shimfiɗe, za ka ce mene ne ɗauraye bokiti ɗaya a ruwa mai wannan girma. Kada ka yi. Ka ɗauraye a kan ciyawar, can sama, nesa da gangare. Ƙwayoyin da suka zuba a kan siminti ka share su ka mayar cikin ciyawa, kada ka kore su da tiyo. Buhu ka ɗora shi a kan katako, ƙarƙashin rufi. Idan hadari ya haɗu, ko ka ji iskar nan mai sanyi ta taso daga gabas, ka ɗaure bakin buhu ka bar shi. Za a ce maka ruwan sama yana taimaka wa taki ya shiga ƙasa. Yayyafi ne ke yin haka. Ruwa mai ƙarfi kwashewa yake ya kai gulbi. Kuma kada wani ya ruɗe ka da cewa kashin kaji ko na shanu ba shi da laifi tun da na gargajiya ne. In ya shiga ruwa, aikinsu ɗaya.

Duk aikin da ka ga kana waiwaye kafin ka yi shi, ka ajiye shi.

Yanzu na zo kan abin da ban taɓa gaya wa kowa ba.

Wanda Sarkin Ruwa ya ba tsaron tafkin a shekarun nan shi ne Kawu Nomau, mai gyaran taru, maƙwabcinmu na katanga ɗaya. Matarsa Kulu ita ce ƙawata tun da aka kawo ni tunga. Da aka haife ka, ina jin kunyar ɗaukar ka a gaban mutane, ita ta goya ka. Ita ka fara ce wa Inna kafin ni. In ka yi kuka ɗakinta ake kai ka.

Bayan na kwashe buhunana da kamar mako guda, ruwan tafkin ya fara sauya launi. Ya yi kore, ya yi kauri, gansakuka ta rufe gefe-gefe. Zafi kuwa a shekarar ba a magana. Saura kwana uku a buɗe tafkin a yi su, da sassafe mata suka je ɗibar ruwa suka dawo da gudu suna salati. Na bi mutane na je. Gargaza ce birjik a saman ruwa, ciki sama, fari fat. Waɗanda ba su mutu ba sun taru a gefe suna buɗe baki kamar masu roƙo. Kafin hantsi wari ya hana tsayuwa.

Sarkin Ruwa ya tara mutane a gindin giginya. Kowa ya san akwai ɓata-gari da ke zuba wa ruwa guba su kwashi kifi, don haka zancen guba aka fara. Sarki ya ce, "Wa ya ga wani abu? Kowa shi faɗi tsakaninsa da Allah." Ina can baya cikin mata. Wallahi a lokacin ban haɗa abin da buhunana ba, ko kuma ban bar zuciyata ta haɗa ba, har yau ban iya rabewa ba. Abin da na tuna shi ne, ana gobe abin zai faru, da la'asar, na ga Kawu Nomau ya bi ta bakin tafki da gwangwani a hannu. Sai na sunkuya na raɗa wa matar da ke kusa da ni, "Ni dai na ga Nomau jiya da gwangwani."

Iyakar abin da na faɗa ke nan. Kafin in ɗaga kai maganar ta kai gaba. Wani ya ce, "Wa ya faɗa?" Aka ce Rabi ce. Sai na ji wani dattijo yana cewa, "In Rabi ta faɗa, to an gani. Yarinyar ga ba ta da surutu." Ka ji abin da shiruna ya saya mini. Da mai yawan magana ce ta faɗa, da an yi bincike.

Kawu Nomau ya miƙe. Ya ce, "Sarki, gwangwanin tana ne, na ƙugiyar da nika kafawa a gulbi. Ni da anka ba amana? Shekara nawa ina tsaron wanga ruwa, ko ɗan kurungu ɗaya an taɓa gani a tukunyata kafin ranar su?" Wani saurayi daga baya ya ce, "Bana dai tukunyar ta yi girma, Kawu!" Aka yi dariya mara daɗi. Ba a doke shi ba, ba a kai shi ko'ina ba. An dai karɓe tsaron, kuma daga ranar ba wanda ya sake kai masa taru gyara.

Da yamma Kulu ta leƙo ta kan katanga. Kana goye a bayanta, ka yi barci, ƙafafunka har suna kai mata cinya. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Rabi, ke kika gani da idonki?" Na ce, "Na gani." Ta kwance ka ta miƙo mini ta saman katangar. Kafin damina ta zauna sun kwance jinkarsu, sun loda a jirgi, sun gangara kudu. Ka yi wata guda kana tsayawa a bakin kangon kana kiran Inna.

Ka ga, ni mai zargi ce, kuma wannan takarda cike take da zargi: na zargi mai taki, na zargi Manaja, na zargi masu gini. Ban ce ka daina ba. Amma idan abu ya ɓaci, ka fara da hannunka. Ka tambayi kanka me ka zuba, yaushe, ina ya bi. Sai ka gama da kanka sarai kafin ka ambaci sunan wani, ko da a raɗa ne.

Yadda na gane gaskiya kuwa, a bazarar da ta biyo ne. Na jiƙa buhuna a babbar roba a bayan ɗaki, da ruwan da na ɗebo daga gulbi, na manta ban zubar ba. Bayan 'yan kwanaki na tarar ruwan ya yi kore, da irin warin nan da hancina bai manta ba. Sai darasin malaminmu na kimiyya ya dawo mini, wanda na haddace don jarrabawa kawai: taki yana ciyar da gansakuka kamar yadda yake ciyar da shuka, in ta yi yawa ta ruɓe sai ta shanye iskar da kifi ke shaƙa a ruwa. Na ci wannan tambayar a takarda, na zo na faɗi a bakin tafki.

Duk da haka ban yarda ba, na ce sai na gwada. Na samu robobi biyu, na cika su da ruwan gulbi, na sa 'yan gargaza uku-uku, na barbaɗa taki a ɗaya, na ajiye su inda rana ke taɓawa. Kullum in na idar da sallar asuba sai in je in leƙa. Ba sai na gaya maka wadda kifinta ya juya ciki sama ba. Na haƙa rami na binne su, na wanke robobin, na koma na ɗora tukunya kamar ba abin da ya faru.

Wannan shi ne kuskurena mafi girma, kuma shi ne wanda nake ciki har yau. Shekara goma sha biyar ke nan. Ban gaya wa Sarkin Ruwa ba har ya rasu. Ban gaya wa babanka ba. Na daina jiƙa buhu a ruwa, na toshe hanyar nan ta gayauna, na bar ciyawar burgu ta tsiro tsakanin albasata da tafki, mutane suna cewa Rabi ta cika tsabta. Ina jin su ina barin su da wannan zaton. Kullum ina cewa ai ban san inda su Kulu suke ba, ina zan same su.

To, yanzu na sani. Ranar da Manaja ya zo, ya ba Sa'a wayarsa ta shigo da ita cikin gida ta nuna mini hoton wurin. Kowa ciyawa yake kallo. Ni ƙasan hoton na duba. A ƙarshen gangaren, inda ruwa ya yi lungu ya shigo cikin tudu, akwai bukkoki kamar biyar, da jirgi ɗaure wanda aka shafa wa goshinsa shuɗin fenti da farin layi biyu. Mutum ɗaya na sani da ke yi wa jirginsa haka. Ban yarda da idona ba, domin ya taɓa cutata. Ranar kasuwa na je Yelwa na nemi wata mai sarin busasshen kifi da ke zuwa Wara, na yi ta kewaye-kewaye kafin na tambaye ta. Ta ce, "Tsoho Nomau mai taru? Yana nan, idonsa ne dai ya yi rauni. Matarsa Kulu ke shan wahalar bandar kifi. A lungun nan suke kafa gurar kama kifi, nan suke sha." Ta ƙara da cewa masu masaukin sun so su tashe su, ba su dai samu dalili ba tukuna.

Ka gane yanzu abin da ya hana ni sukuni. Lungu ba kamar tsakiyar ruwa ba ne, ba ya gudu, abin da ya shiga yakan daɗe. Duk abin da ya kuɓuce daga hannunka a saman gangaren nan, a tukunyar Kulu zai sauka. In kuwa lungun ya yi kore, kifi ya tashi, wari ya kai hancin baƙi, ba za a ce ciyawar maigida ce ta jawo ba. Za a ce masuntan nan ne da ƙazantarsu, ko sun zuba guba. Dalilin da ake nema ya samu. Gidanmu ya taɓa tashin mutanen nan sau ɗaya da hannuna. Kada ya sake tashin su da naka.

Saboda haka ka bar tazara tsakanin inda takinka zai tsaya da bakin ruwa, ko taku ashirin ne, in wuri ya ba ka fiye ka ƙara. Burgu da duk ciyawar da ta fito da kanta a gefen ruwa ka bar ta ta yi tsawo, ita ke tare abin da ya gangaro. Manaja zai ce tana tare wa baƙi kallo, tana tara sauro da macizai. Ka ba shi haƙuri, ka yi masa bayani a hankali, in ya so ka yi masa gwajin robobi biyu ya gani da idonsa. In ya nace sai ka zuba har bakin ruwa, ka ajiye masa bokitinsa cikin ladabi ka hau mota. Tuwo bai ƙare a gidan ubanka ba, kuma ba wanda zai ce ka gaza, ni dai ba zan ce ba.

Saura abu ɗaya, shi ne mafi nauyi, ka yafe mini da na ɗora maka. Juma'ar farko, in an sauko masallaci, ka sayi goro ka gangara lungun. Ka yi sallama, ka durƙusa ka gaishe da Kawu Nomau. Zai tambaye ka ɗan wane ne kai. Kada ka tsaya ga sunan babanka, ka faɗi nawa. In sun ba ka tabarma, ka karanta musu wannan takarda daga inda na fara zancen buhuna, kada ka tsallake ko layi ɗaya don ka rufa mini asiri. In sun kore ka, ka tashi ba tare da ka ce uffan ba, suna da gaskiya, kuma ka ci gaba da tsare musu ruwansu ko ba sa amsa gaisuwarka. Babanka da dattawan tunga kuwa ni zan gaya musu da bakina kafin wannan Juma'ar, wannan ba aikinka ba ne. Ka yi mini addu'a kada in fasa.

Kulu ta yi mini tambaya ta kan katanga, na ba ta amsar da ba ita ba. In ta fito, za ka gane ta da tsagar da ke kumatunta na hagu. Ka ce mata Rabi ta ce gwangwani ta gani, abin da ke cikinsa ba ta gani ba.

Allah ya tsare hannunka daga cutar da wanda ke ƙasa da kai. Ya tsare ka daga sharrin ruwa da na hanya da na mai daɗin baki. Ya sa ka gama da wurin nan lafiya, ka dawo mana da mutuncinka. Yajin na ƙulla shi biyu, ƙaramin naka ne, babban na Innarka Kulu.

Wassalam.

Mahaifiyarka,
Rabi